Guzurin Yaƙin Sama Da Na Ruwa: Abin Da Kwatano Da Bobo-Dioulasso Suka Nuna Mana

A ranar Lahadi, 7 ga Disambar 2025, wasu sojoji a Jamhuriyar Benin suka bayyana a gidan talabijin na ƙasar suka ce sun hamɓarar da gwamnatin Shugaba Patrice Talon. Kafin gari ya waye, jiragen yaƙin Najeriya sun shiga sararin samaniyar Kwatano bisa roƙon gwamnatin Benin, dakarun ƙasa suka mara musu baya, yunƙurin ya wargaje. Washegari Litinin, wani jirgin dakon kaya na rundunar sojin samanmu samfurin C-130, wanda ya tashi daga Legas zai tafi Fotugal domin gyara, ya samu tangarɗa a hanya ya sauka a Bobo-Dioulasso ta ƙasar Burkina Faso. Hukumomin can suka tsare jirgin da sojoji 11 da ke cikinsa. Ƙawancen ƙasashen Sahel na AES ya ce an keta masa sararin samaniya ba tare da izini ba, ya kuma yi gargaɗin cewa zai harbo duk jirgin da ya ƙara yin haka. Sai da Yusuf Tuggar, a matsayinsa na Ministan Harkokin Waje, ya jagoranci tawaga zuwa Wagadugu ya gana da Kyaftin Ibrahim Traoré kafin a sallame su, bayan sun haura mako guda a hannu.

An yi ta jinjina wa abin da ya faru ranar Lahadi, an kuma yi ta shaguɓe kan na ranar Litinin. A ganin wannan jarida, abubuwan biyu labari ɗaya suke ba mu. Tsakanin Legas da Kwatano bai wuce tafiyar kilomita 120 ba, mai gida ne ya yi kira da kansa, jirgi zai tashi daga sansaninsa ya yi aikinsa ya komo gida ya sha mai. Jirgin da ya sauka a Bobo-Dioulasso kuwa tsoho ne, gyaransa sai an tsallaka teku, hanyar kuma ta ratsa sararin ƙasashen da a yau babu amana tsakaninmu da su. Runduna ɗaya ce ta yi tafiye-tafiyen biyu a tsakanin yini guda. Abin da ya bambanta su shi ne nisa da izinin wucewa da lafiyar kayan aiki, wato abin da magabata suke kira guzuri.

Babu mai hankalin da ke fatan a yi yaƙin sama ko na ruwa a Afirka ta Yamma. Amma wanda ya ce hakan ba zai yiwu ba, bai lura da yadda yankin ya sauya ba. Mali da Burkina Faso da Nijar sun kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A watan Maris na shekarar Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, Rasha ta samu wurin zama, jirage marasa matuƙa kuma sun zama kayan da ƙasashe da dama na yankin ke da su. A farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo wani jirgin Mali maras matuƙi a kusa da Tinzawaten, cikin 'yan kwanaki ƙasashen biyu suka rufe wa juna sararin samaniya. Rikicin sama haka yake farawa, da jirgi ɗaya da kuma gardama kan inda iyaka take. Idan irin wannan ta taso a kusa da mu, Najeriya za a fara duba, ko tana so ko ba ta so. Dukiyarta kuwa, daga rijiyoyin mai na cikin teku zuwa tashoshin Apapa da Onne da matatar Dangote da ke Lekki, duk a bakin ruwa take.

Ba yau muka fara fita waje ba, kuma tarihin fitarmu cike yake da darasin da muke ƙin karantawa. Dakarun ECOMOG sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrovia a ranar 24 ga Agustan 1990. Ta ruwa suka taso daga Freetown, mayaƙan Charles Taylor na yi musu maraba da harbi. Tsarin da aka yi a takarda shi ne kowace ƙasa ta ɗauki nauyin sojojinta na kwana 30 na farko, daga nan ECOWAS ta karɓa. Kwana 30 suka wuce, shekaru suka biyo baya, ECOWAS ba ta karɓa ba domin ba ta da abin karɓa da shi. Nauyin ya faɗo kan Najeriya: jiragen ruwanta ke kai abinci da harsasai, jiragenta na C-130 ke zirga-zirga, jiragen Alpha Jet nata ke kai farmaki. Waɗanda suka yi nazarin wannan yaƙi sun nuna cewa rundunar ta isa Monrovia ko taswirar kirki ta birnin ba ta da ita, kuma na'urorin sadarwar ƙasashen da suka haɗu ba su jituwa da juna. Alawus na makara, wasu sojoji suka faɗa kan kayan jama'a, har mutanen Monrovia suka laƙa wa sunan rundunar wata fassarar ba'a mai nufin babu abin hawan da ke tsira daga hannunta. Abin kunya ne, amma sojan da aka tura uwa duniya aka manta da cikinsa, an riga an buɗe masa ƙofar ɓarna. Al'amura ba su daidaita sosai ba sai daga 1996, lokacin da Amurka ta ɗauki hayar kamfanin PAE ya samar wa rundunar manyan motoci da jirage masu saukar ungulu da sauran kayan sufuri.

Saliyo ta fi wannan ɗaci. Bayan sojoji ƙarƙashin Manjo Johnny Paul Koroma sun kifar da gwamnatin Ahmad Tejan Kabbah a ranar 25 ga Mayun 1997, jiragen ruwan Najeriya suka yi wa Freetown luguden wuta a ranar 2 ga Yuni. Sojojinmu da ke cikin birnin ba su da yawa, agaji bai iso ba, waɗanda aka yi wa ƙawanya a otal ɗin Mammy Yoko harsasai suka ƙare musu, aka kama da dama daga cikinsu. Ƙarfin wuta yana kan teku, amma babu hanyar isar da abin da mutanen tudu ke buƙata a kan lokaci. Filin jirgin Lungi da ECOMOG ta riƙe yana tsallaken ruwa ne da birnin, komai sai an haye da shi. Sai a Fabrairun 1998, bayan watanni ana tara kaya da datse hanyar teku, aka kori sojojin juyin mulkin, Kabbah ya koma a watan Maris. A 1999 Shugaba Obasanjo ya bayyana cewa Najeriya ta kashe fiye da dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. Ba a maganar rayukan da suka salwanta.

Gambiya a Janairun 2017 ta zo da sauƙi, shi ya sa ake yawan kafa misali da ita. Najeriya ta tura jiragen yaƙi da na dakon kaya da sojojin sama kimanin 200 zuwa Dakar, jirgin ruwa NNS Unity ya nufi gaɓar ƙasar, Yahya Jammeh ya bar Banjul a ranar 21 ga wata ba tare da an gwabza ba. Sai dai ana mantawa cewa Senegal ce ta ba da filin sauka da masauki da mafi yawan dakarun ƙasa, kuma lamarin bai ɗauki kwanaki da yawa ba. Daga Legas zuwa Dakar ya haura kilomita 2,000. Da Senegal ta noƙe, ko da Jammeh ya ja lamarin wata uku, da wani zancen ake yi yanzu. Nijar a 2023 ta nuna ɗaya ɓangaren. ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda a ranar 30 ga Yuli, hafsoshin tsaro suka zauna a Abuja sannan a Akara, shugabanni suka ba da umarnin tayar da rundunar ko-ta-kwana a ranar 10 ga Agusta. Yamai ta rufe sararin samaniyarta, Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, Majalisar Dattawa ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu, jihohi bakwai na Arewa da ke iyaka da Nijar suka nuna ba sa so. Mun gode Allah da ba a yi wannan yaƙin ba, domin 'yan'uwa za a kashe a kowane ɓangare. Amma rundunar da aka ce an tayar, har aka janye takunkumi ba wanda ya ga inda ta taru.

Ƙasashen da suka fi mu ƙarfi ma nisa ya sha ba su wahala. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Birtaniya ta buƙaci jiragen dakon mai 11 kafin jirgin kai hari guda ɗaya ya tashi daga tsibirin Ascension ya isa inda za shi ya dawo. Da Ajantina ta hallaka jirgin ruwan Atlantic Conveyor da manyan jirage masu saukar ungulu a cikinsa, sojojin Birtaniya da ƙafa suka ratsa tsibirin. Mu kuwa rundunar sojin samanmu ba ta da ko jirgi ɗaya da ke zuba wa wani mai a sararin sama. Duk inda jirginmu na yaƙi zai je, sai an samu filin da zai sauka ya sha mai, sai kuma mai filin ya yarda.

Mu duba rumbun namu. Alpha Jet ƙirar Faransa da Jamus ce, F-7 ta Chaina, JF-17 guda uku daga Pakistan suka zo a 2021, Super Tucano guda 12 da ke Kainji ta hannun Amurka aka saye su, L-39 daga ƙasar Czech, jirage masu saukar ungulu kuma akwai na Rasha da na Italiya da na Turkiyya, ga wasu jiragen M-346 guda 24 da aka yi odarsu daga Italiya. Akwai dalilin da ya sa aka rarraba ƙafa haka. A 2014, ana tsaka da yaƙin Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jiragen Cobra daga Isra'ila, a shekarar ce kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 da aka kai can a jirgi da sunan sayen makamai. Wanda aka taɓa rufe wa ƙofa yana da hujjar neman ƙofofi da yawa. Amma kowane samfuri da nasa kayan gyara, da nasa makanikai, da nasa harsasai, da kuma gwamnatin da sai ta sa hannu kafin a aiko da kusa ɗaya. Tun da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, duk mai amfani da jiragen Rasha ya san wahalar samun kayan gyaransu. A 2019 rundunar ta kammala babban gyaran wani C-130 a Ikeja da taimakon ƙwararru daga waje, aka yi murna. Shekara shida bayan haka sai ga wani ana kai shi Fotugal. Ya kamata a gaya wa 'yan ƙasa abin da ya faru da wancan ƙoƙari.

A ɓangaren ruwa an samu ci gaba, ba za mu ƙi faɗa ba. NNS Kada, jirgin saukar dakaru da motoci da ya iso a 2022, ya kai kayan sojojinmu Guinea-Bissau a shekarar. Ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ta soja da ke Victoria Island ta ƙera NNS Andoni da Karaduwa da Oji. Amma jirgi irin Kada guda ɗaya ne, idan ya shiga gyara babu madadinsa. NNS Thunder da Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka ƙera tun shekarun 1960, NNS Aradu kuma, wanda ya kasance abin alfaharin rundunar tun 1982, ya shafe shekaru da yawa a ɗaure.

Haɗin gwiwar da ta fi aiki a yankin ita ce ta yaƙi da 'yan fashin teku. Ƙasashe 25 sun rattaba hannu kan yarjejeniyar Yawunde a Yunin 2013, aka kafa cibiyar daidaitawa a Yawunde, da ta Afirka ta Yamma a Abijan, da ta Afirka ta Tsakiya a Pointe-Noire, aka raba tekun shiyya-shiyya. An sanya Najeriya da Benin da Togo da Nijar a shiyya guda mai cibiya a Kwatano. An ga amfanin wannan. A 2020, daga cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Tekun Guinea aka ɗauke su, daga baya adadin ya ragu ƙwarai. A Agustan 2022 da jirgin dakon mai Heroic Idun ya tsere wa sojojin ruwanmu daga yankin rijiyar Akpo, Ikwatoriyal Gini ce ta tare shi, daga baya ta miƙa mana. Sai dai wannan tsari na musayar labari ne da bin sawun ɓarayi. Bai amsa tambayar da kwamandan jirgi zai yi ranar rikici ba: idan na isa Tema ko Abijan ko Duwala, wa zai ba ni mai, a kan wane farashi, wa zai biya, a wane asibiti zan kwantar da wanda ya ji rauni? Atisayen Obangame Express da ake yi duk shekara Amurka ke ɗaukar nauyinsa, na Grand African Nemo kuma Faransa. Ranar da muradinsu ya saɓa da namu, ko hankalinsu ya koma wani teku, za mu gane abin da muka iya da kanmu.

Kuɗi ne ƙashin bayan zancen. A taron ministocin tsaro da na kuɗi na ECOWAS a Abuja a Yunin 2024, an ƙiyasta cewa rundunar dakaru 5,000 za ta ci dala biliyan 2.6 a shekara, ƙaramar da ba ta kai dakaru 2,000 ba kuma dala miliyan 481. Babbar hanyar samun kuɗin ƙungiyar ita ce harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, wanda ƙasashe da dama ke jinkirin miƙawa, ga shi kuma mambobi uku sun fita. An gina ma'ajiyar kayan yaƙi ta ECOWAS a Lungi, Tarayyar Afirka ta buɗe tata a Duwala a 2018. Gini abu ne mai kyau, amma abin tambaya shi ne me ke ciki, kuma da wane jirgi za a kwashe shi. A Mali a 2013, duk da cewa janar ɗin Najeriya, Shehu Abdulkadir, shi ya jagoranci rundunar Afirka, jiragen ƙasashen Turai ne suka yi jigilar wani ɓangare na dakarun yankin zuwa Bamako.

Za a ce mana ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da 'yan ta'adda a Borno ba ta da rarar da za ta yi tanadin yaƙin da bai zo ba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma mun yarda cewa gida ya riga waje. Amma C-130 ɗin da zai kai dakaru Dakar shi ne ke kai su Maiduguri, man da za a tara a Kainji da Makurɗi na duk inda buƙata ta taso ne. Yawancin abin da muke kira a yi ma ba sayen sabon jirgi ba ne. Takardu ne da za a rubuta a sa hannu tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan zancen ya iso kan teburin masu karanta wannan shafi. Izinin ratsa sararin samaniyar wata ƙasa takarda ce da ke fita daga Ma'aikatar Harkokin Waje ta bi ta ofishin jakadanci. Kuɗin kayan gyara sai an sake su daga ofishin Akanta-Janar, dalar biyan kamfanin waje sai Babban Banki ya samar, kwantenar da ke ɗauke da injin jirgi sai kwastam sun sallame ta. Jami'in da fayil ɗin kwangilar gyara ya kwana wata biyu a kan teburinsa bai taɓa riƙe bindiga ba, amma ya ajiye jirgi a ƙasa. An saba ware kuɗin sayen sabon abu domin akwai bikin ƙaddamarwa da hoto, kuɗin kula da shi kuwa shi ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙunci. Haka kuma kalmar sirrin tsaro ta daɗe tana zama mayafi. Binciken da aka fara a 2015 kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, da cire dala miliyan 496 daga asusun rarar mai a 2018 domin biyan Super Tucano kafin Majalisar Tarayya ta amince, duk sun nuna abin da ke faruwa idan babu mai tambaya.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta nemi rubutacciyar yarjejeniya da kowace ƙasa ta gaɓar teku, daga Senegal zuwa Kamaru, kan sauka da shan mai da gyara da jinyar raunuka, da farashi da wa'adin biya a ciki. Kada Najeriya ta sake tura jirgi ko soja da sunan ECOWAS sai an bayyana a rubuce kason kowa da ranar da za a mayar mata da abin da ta kashe. Ya kamata kuma a zauna da Yamai da Wagadugu da Bamako kan batun sararin samaniya kaɗai, a ware shi daga rigimar siyasa, a samu layin waya tsakanin rundunonin sama da ƙa'idar da za a bi idan jirgi ya samu matsala ya nemi sauka. Ƙasashen da suka fi mu gaba da juna sun yi irin wannan, kuma mu maƙwabta ne da iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 tsakaninmu da Nijar kaɗai.

Majalisar Dattawa ma tana da nata. Sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya hana tura soja fagen fama a waje sai da amincewarta, ya ba Shugaban Ƙasa damar yin gaggawa ne kawai idan tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kusa, da sharaɗin ya nemi yardarta cikin kwana bakwai. A batun Benin an nemi yardar, aka bayar cikin gaggawa a ranar 9 ga Disamba. Muna so a gaba duk wasiƙa irin wannan ta zo da ƙiyasin kuɗi da tsawon lokaci da sunan mai biya. Lokacin kare kasafi kuma, kwamitocin sojin sama da na ruwa su rage tambayar jirage nawa aka saya, su tambayi hafsoshi, ko da a zaman sirri ne, jirage nawa za su iya tashi a ranar, jiragen ruwa nawa za su iya barin tasha, kuma man da ke ajiye zai kai kwana nawa.